Fuskar Inna a Katako

Makka,
3 ga Nuwamba, 2018.

Zuwa ga Yaya Mahmudu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da mutanen Kabo. Yaya ciwon gwiwar?

Saƙonka ya iso ta hannun Luqman. Ka ce jikokinka suna son ganin kamannin Inna, ko ina da hotonta. Shekara arba'in ina jiran ka ambaci wannan magana, sai ga shi ka kawo ta kamar ba kai ba.

Bari in tuna maka. Ina karatun zane a Zariya wani malami Bajamushe ya nuna mana aikin mutanensu na bayan yaƙi. Suna sassaƙa katako, su shafa tawada, su danna takarda. Ba sa gyara fuska ta yi kyau, ƙara mata rami suke yi har baƙin ciki ya fito. Ya ba ni aikin allo goma sha biyu na wani coci, labarin Annabi Isa yadda Kirista suke ba da shi. Da na zo kan Maryamu rungume da gawar ɗanta, hannuna ya ƙi yin kowace fuska sai ta Inna ranar da aka fita da gawar ƙanenmu Abdulƙadir. Baki a rufe, ido a bushe, jijiyar wuya a miƙe.

Ka kira shi kafirci, ka ƙone goma sha ɗaya a tsakar gida. Na ɓoye wannan ɗaya.

Da shi na zo Makka. A unguwar Nakkasa na kife shi, matata Rabi'atu ta yi ta yanka albasa a bayansa har ta rasu, ba ta taɓa tona ni ba. In kowa ya fita sai in juya shi in shafa da yatsa.

Watan jiya rusau ya iso layinmu. Maƙwabta suka taru suna taya ni kwashe kaya. Hamad, ɗan maƙwabcina, ya ɗaga allon, ya ce, "Ya ammi," wato kawu, "wannan ma a mota?" Mutum shida suna tsaye. Na ji tsoron ya juya shi. Na ce ya bari, tsohon katako ne.

Washegari katafila ta bi ta kansa.

Ba na son ka yi tsammanin na yafe. Amma na ƙarshen ba kai ka yar ba.

Ka gaida Hauwa. Ka faɗa wa yaran Inna ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Fuskarta ɗaya ce, kuma babu ita.

Ƙanenka,
Mukhtaru