Inna, Na Murza Ganye a Gaban Baturiya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Asabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin na 'ya ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Shekara uku ke nan da rasuwarki, amma har yau idan abin daɗi ya same ni, ke nake fara nema.

Inna, na ci jarrabawar daji!

Kin tafi kafin takardar tallafin karatuna ta fito. To, karatun tsirrai ne ya kawo ni Birmingham. A ɗakina na unguwar Selly Oak na haddace littafin furanni kamar zan cinye shi, amma da aka fitar da mu fili jarrabawa a watan Yuni sai duk suka rikice mini, na faɗi. Aka ce saura dama ɗaya. In na sake faɗuwa, masu ɗaukar nauyina za su janye, in tattara in dawo gida.

Ana gobe jarrabawa na sauka a Manchester wajen Rukayya, 'yar Malam Sule tela, wadda kike yi wa kitso tana kuka. Ta dubi takalmina ta kwashe da dariya, ta ɗauko mini ƙaton takalmin robar mijinta. Sai da na sa safa uku.

Da safe mota ta haura da mu duwatsun arewa. Inna, fadama ce a kan dutse! Ƙasa tana tsattsafo da ruwa, tumaki suna kallonmu kamar baƙin ƙauye. Ga furanni ruwan goro, ga shuɗi, ga wani rawaya wanda idan ya bushe 'ya'yansa suna kaɗawa kamar caki. Ana cewa bazara ce, ni kuwa haƙorana suna haɗuwa.

Malamarmu, wata dattijuwar Baturiya mai sanda, ta karɓe wayoyinmu. Na amsa tsiro tara, wasu da ƙarfin hali. Na goman bai buɗe fure ba, ganye ne kawai a bakin rafi. Na duba, na sake dubawa, kaina ya ɗaure.

Sai na gan ki a zuciyata, a fadamar Wudil, kin tsuguna da kwandonki, kina cewa, "Ido yana ruɗuwa, Hauwa, hanci ba ya ƙarya. Murza ki shinshina."

Na tsuguna na murza. Warin man zafi sak! Na juya ganyen, bayansa fari-fari, karansa ja. Na ce meadowsweet ne, wanda aka san shi da sauke zazzaɓi. Malamar ta gyara tabarau ta tambaye ni wa ya koya mini haka.

Na ce uwata ce. Na ce ba ki taɓa shiga aji ba, saiwa da sassaƙe kike sayarwa a kasuwa, kuma ba a taɓa kawo miki ganyen da ya gagare ki ba. Ta tara sauran ɗalibai ta ce in nuna musu. Da kin ga 'ya'yan Turawa sun tsuguna a caɓi suna shinshina yatsu, da kin yi dariyar nan taki har ɗankwali ya zame.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Ina sakandare, idan na hango rumfarki ina tare da ƙawaye, nakan canza hanya don kada a ce mini 'yar mai ganye. Na san kina ganina, ba ki taɓa ɗaga maganar ba. Ki yafe mini, Innata.

Allah ya jiƙan ki, ya kai haske makwancinki, ya mayar da shi dausayi daga dausayin Aljanna. Ya haɗa fuskokinmu a inda ba a rabuwa. Amin.

Taki har abada,
Hauwa'u, 'yar mai ganye