Katakon Jhorna a Ƙasan Kududdufi

Litinin, 3 ga Yuni
Jhorna ta yi katakon da ruwa ba ya ci! Jikata, wadda a da nake kaiwa makaranta a kwalekwale. Ta sauko daga jirgin ruwan Dhaka rungume da shi cikin tawul kamar jariri. Wai wani magani ta shayar da shi a jami'a, in rana ta taɓa shi kuma sai ya rine. Cikin duk waɗanda ta gwada shi kaɗai ya yi kyau, shi za ta nuna wa malamanta mako mai zuwa.
Na ce, "Amarya, ina aka bar kwaltar da muke shafa wa jirgi?"
"Dadu, kwaltarka ta tsufa kamar haƙoranka." Dadu take ce mini, wato kaka.

Laraba, 5 ga Yuni
Ruwa tun safe. Na zauna ina ganin jiragen da na sassaƙa suna wucewa, kowanne da launinsa. Matata marigayiya Rohiton ta tsani warin kwalta a hannuna.

Alhamis, 6 ga Yuni
Babana ya ce katako ba ya zama na jirgi sai ya kwanta a laka. Na ɗaura wa katakon Jhorna bulo, na nutsar da shi a kududdufin bayan gida. Gata na yi mata.

Juma'a, 7 ga Yuni
Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Zama kawai ta yi. "Ɗigo-ɗigo muke gwada shi, Dadu."
Ta ƙi cin kifi. Kududdufi ya cika, wurin ya ɓace mini.

Asabar, 8 ga Yuni
Ni da maƙwabcina Mojibor, ruwa iya ƙirji, muna lalube da ƙafa. Ya ce, "Tsoho, a ajin yamma aka koya maka binne digiri?"
Ƙafata ce ta taka bulon.
Muka fito da katakon, Jhorna ta sheƙa masa bokitin ruwa. Laka ta zame, ruwa ya dunƙule yana gangarawa kamar a ganyen gwaza. Sai rana ta leƙo. A hankali ya koma shunayya, irin launin sari, zanen da Rohiton ke ɗaurawa, ban da inda yatsan yarinyar yake. Tana dariya tana share ido: "Wannan gwajin da sunanka zan rubuta shi."

Lahadi, 9 ga Yuni
Ban ɗora tukunyar kwalta ba. Itace ne a jiƙe, shi ke nan dalili.
Jibi za ta tafi da shi. Na aika Mojibor bakin kogi: masunta, masassaƙa, har liman, kowa ya zo gobe da hantsi ya gani. Mai shakka ya taho da bokitinsa.