Wayar Da Na Zare Daga Motar Su Lesia

Dauphin, Manitoba,
Farkon Janairu.

Zuwa ga Yayata Stefka,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙaninki da furfura ta cim masa hankali bai iso ba. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Angus da yara da jikoki, kuma ciwon gwiwar nan ya sassauta miki. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya tsare ku daga gobarar dajin Ostiraliya da muke gani a talabijin. Mu nan kalau muke, sai sanyin da ya sa karen maƙwabci ma ya bar haushi. Matata Marusia tana kicin tana naɗa perogi, ƙullin fulawar nan mai dankali a ciki, kamar mai shirin ciyar da bataliyar soja. In kin ga rubutun nan kamar kaza ta yi tsere a kan takarda, kada ki zaci na manta ɗan abin da na koya kafin a sallame ni daga aji takwas. Da hannun hagu nake rubutawa, na dama an yi masa ɗori, kuma ba wanda ya ja min sai ni.

Ga yadda abin ya faru. 'Yata Lesia ta zo hutu tare da abokan kiɗanta biyu, za su kwana nan su wuce Saskatoon su yi wasa, daga nan Edmonton, har su dangana da bakin teku. Suka ajiye tsohuwar motarsu a ƙofar gareji, suka jona wayar ɗumama inji a soket, don kada sanyi ya daskarar da shi, kamar yadda duk mai hankali yake yi da hunturu. To, ni kuma ina son yin bandar kubasa ta Kirsimeti, naman nan da ake ɗurawa a hanji, tukunyar bandar tawa ta lantarki ce, soket ɗin waje kuwa baki biyu gare shi, ɗaya motata, ɗaya tasu. Kin san ƙaninki, ba tawa na zare ba. Na ce ɗan lokaci ne, nama na yin ja in mayar musu. Sai aka fara wasan hokin ƙanƙara a talabijin, sai kujera ta yi min daɗi. Da gari ya waye naman ya yi kyau ƙwarai, motar kuwa sanyi ya mayar da ita dutse. Muka jona batir, shiru. Na sa garwashi a faranti na tura ƙarƙashin inji irin na Babanmu, saura ƙiris in ƙone garejin. Daga nan na ce su matsa su ga yadda maza suke turin mota, ƙafa ta zame, na faɗi a kan hannu, na ji ƙas. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Maimakon Saskatoon, asibiti suka raka ni, bakanike kuma ya ce injin ya tsage, sai bayan sabuwar shekara. Tafiyar gaba ɗaya ta rushe.

Ke da kika bar ƙasar nan Lesia tana goye, ba ki san abin da na rusa ba, bari in ba ki labari. A wannan garejin suka fara tana 'yar shekara sha shida, ita da jita da waƙa, Gaetan Desjarlais a kan ganguna, Wendell Friesen da doguwar jitar nan mai gurnani. Suka raɗa wa kansu suna Gopher Parish. Na tambaye ta wane irin kiɗa ne wannan mai kama da injin casar alkama ya haɗiye spana, ta ce rok ne amma na 'yan gefe, waɗanda ba sa bin abin da kasuwa take so. Na ce to na gane, kiɗan da ba ya kawo abinci ke nan. Uwarta ta ce in yi shiru, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wai ta tuna lokacin da nake kashe wa mutane biki da kiɗan akodiyon. Wasansu na farko a zauren coci ne, aka kashe musu wuta a tsakiyar waƙa ta uku, kuma Fada da kansa ya kashe.

Amma Yaya, yaran nan sun tashi. Gidan rediyon jami'a a Winnipeg ya fara sa su, suka samu tallafin gwamnati suka yi faifan farko, na biyu ya shiga ko'ina. Akwai waƙarsu ɗaya da aka riƙa sawa a filayen hoki duk sa'ad da aka ci ƙwallo. Ina kan motar kwashe ƙanƙara na ji muryar 'yata ta fito daga rediyo, na tsaya a tsakiyar titi na sauke gilashi ina gaya wa kowa tawa ce, har wani ya ce in tawa ce in ɗauke ta in ba shi hanya. An sa sunansu a takarar lambar yabo ta ƙasa, muka je Toronto, na ari kwat ɗin da ta matse min hammata, wasu samari masu gashi har ido suka cinye. Sun ratsa ƙasar nan daga teku zuwa teku ban san sau nawa ba, sun buge barewa a hanyar Kenora, sun kwana a ƙasan ɗakunan mutanen da ba su sani ba. Daga nan kamfanin da ke fitar musu da faifai ya sallame su, mutane suka daina sayen faifai, kowa a waya yake ji, abin da ake turo musu ba ya sayen man mota. Yau shekara sha takwas, ga mu a garejin da aka fara.

Da muka dawo daga asibiti suka zauna a kicin suna cin kubasar da ta kashe su. Wendell ya ce shi dai bai taɓa cin nama mai tsadar wannan ba, kuma tunda ni Baba Orest na yi abin da kamfanin faifai da barewa suka kasa, ya kamata a sa hotona a bayan faifai na gaba. Gaetan bai yi dariya ba. Yana da tagwaye, yana aikin sa tagogi, hutun da ba albashi ya ɗauka don tafiyar nan. Ya ce wa Lesia in ta kira shi zai zo ko daga kabari ne, amma wannan karon ita za ta je ta kalli idon matarsa ta faɗa mata tafiyar ta rushe. Marusia kuwa ta ce da ni, tsoho, yau dai ko sau ɗaya ka rufe bakin nan. Na rufe, har abin ya ba kowa tsoro.

Washegari Lesia ta same ni a gareji ina kallon soket kamar shi ya yi laifin. Ta ce wata makaranta a Thompson, can arewa, ta ba ta aikin koyar da kiɗa, na dindindin, da fansho da kuɗin likitan haƙori, kuma suna son amsa da an dawo daga hutu. Ta ce uwarta za ta ce ta karɓa, abokanta za su ce kada ta karɓa, duk ta san bakinsu. Ni kaɗai ne na ga abin tun daga rana ta farko, don haka abin da na ce shi za ta yi. Ta ce, Baba, ban da wasa. Kin san me na ce? Na ce a Thompson dai kada ta bar kowa ya taɓa mata wayar mota. Ba ta ko murmusa ba. Ta ce ta ba ni zuwa jajiberin Kirsimetinmu na tsohuwar kalanda, shida ga Janairu, in tauraro na farko ya fito aka zauna cin kutia, dafaffiyar alkamar nan da zuma, tana son jin bakina.

Yaya, ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To ni na hau, na leƙa, ban ga komai ba sai fari fat. Akwai haƙorinta na gefe da ya karye tun bara, da ɓari ɗaya take tauna, tana zaton ban lura ba. Shekararta talatin da huɗu, duk abin da ta mallaka yana shiga bayan motar da na kashe. In na duba wannan sai in ce ta tafi Thompson. Amma ta bar min sababbin waƙoƙinsu a waya, na saurara ni kaɗai, kuma ni da ban san komai ba na san ba ta taɓa yin kamarsu ba. Akwai ɗaya a kan Mamarmu da gonar da aka sayar, ban kai ƙarshenta ba sai da na fita na ce hayaƙin banda ne ya shiga min ido. In na ce ta bari, ni na rufe wannan bakin. In na ce ta ci gaba, ni da na yi ritaya da fansho na tura ta kwanan ƙasa har tsufa. Gaba kura, baya siyaki. Duk rayuwata in abu ya fi ƙarfina sai in ba shi dariya ya wuce, wannan ya ƙi wucewa.

Na san kafin takardar nan ta ƙetare teku an riga an ci kutia an wanke kwanuka, don haka ba shawara nake nema ba. Ke ce kawai ba za ki ce min Allah ya ƙara ba, ko kin faɗa ba zan ji daga nan ba. Ki gaishe min da Angus, ki ce har yanzu ina jiran ya zo ya ga sanyi na gaske. Ki gaishe da Daryna da mijinta, da Myron, da ƙaramar Zoya mai sunan Mama a tsakiya. Marusia da Lesia suna gaishe ku duka. Ki sa mu a addu'a, musamman ni. Yarinyar nan ba ta taɓa roƙona komai ba sai magana ɗaya ta gaskiya, ranar Lahadi za ta zauna tana fuskantata ta karɓi abinta, kuma har yanzu da nake ninke takardar nan ba ni da ita.

Naki ƙani,
Orest Pidhirny