Lofen da Ka Aiko wa Baba

Tamboril,
ranar Litinin, cikin watan Oktoba.

Zuwa ga ƙanena Fermin,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da addu'ar wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Migdalia da yara. Allah Ya tsare ka a titunan New York, Ya raba tasinka da mugun fasinja da ɗan sanda mai zafin kai, Ya sa sanyin bana ya zo muku da sauƙi. Mu nan lafiya lau muke, sai abin da ba a rasa ba. Ruwa ya sauka sosai, rogon bayan gida ya yi kyau, mangwaron nan da ka taɓa faɗowa daga kansa yana nan yana zuba mini ganye a rufin ɗaki. Mijina Baudilio ya warke daga ciwon bayan nan, ya koma shago yana cika wa mutane kunne da surutu. Goggo Sinforosa kuma an cire mata haƙorin da ke hana ta barci, ta ce a gaya maka saura kaɗan ta koma shan kunu irin na jarirai.

Saƙonka ya iso ta hannun matar nan 'yar unguwarmu da ta zo hutu. Takalmina ya yi mini daidai, man shafawar Baba ma mun gani, mun gode, Allah Ya ƙara buɗi. Lofen da ka aiko masa shi ma ya iso lafiya da gwangwanin tabarsa. Da yake idon Baba ya yi rauni, ni na karanta masa wasiƙarka daga farko har ƙarshe: inda ka ce ba za ka samu zuwa Kirsimetin bana ba saboda tsadar tikitin jirgi, gara ka turo kuɗin a yi hidimar gida, da inda ka yi masa bayani cewa lofe ya fi sigaro, naɗaɗɗiyar tabar nan mai kauri, araha nesa ba kusa ba. A kan lofen nan nake so mu yi magana, da maganar rashin zuwanka, don abu guda ne, ko da yake daga can ba za ka gane haka ba.

Da farko dai, lissafinka daidai ne, ni da nake zuwa kasuwa na fi kowa sani. Tun da yatsun Baba suka sandare ya bar kamfanin naɗa sigaro, rabon sigaron nan na kyauta da kowane mai naɗi yake fitowa da shi a aljihun riga da yamma ya yanke. Mutumin da bai taɓa cire ko sisi ya sayi sigaro ba tun yana saurayi, sai ga shi ana saya masa. Shi kuwa ya ce ya gwammace ya mutu da a gan shi, shi Anastasio guda, a gaban teburin mai taba yana miƙa kuɗi, dole Baudilio yake zagawa wata unguwa ya sayo a ɓoye kamar mai sayen kayan sata. In an kawo ma ba godiya. Sai ya murza shi kusa da kunne, ya shinshina, ya ce wai wannan da ƙafa aka naɗa shi, wanda ya yi shi ya kamata a mayar da shi gona ya kori tsuntsaye. Abin da muke kashewa a mako guda zai cika lofe wata ɗaya har a samu canji. Da Inna tana da rai, Allah Ya ji ƙanta, da ta taka rawa a tsakar gida don murnar ta samu mai goya mata baya.

Ka tuna rigimarsu kuwa? Kullum in rana ta yi sanyi, ita tana kan kujerarta mai lilo a baranda da lofenta na yumɓu, tana yankar baƙar tabar nan ta ƙauye da ake matsewa da igiya har ta yi tauri, da wuƙar da take yanka albasa. Shi kuma ya harɗe ƙafa, ya kunna nasa, yana busa hayaki sama. Sai ta ce, Tasio, abin da kake ƙonawa a yini ɗaya ni zai kai ni har girbi. Ya ce, Cipriana, ai nawa kyauta ne, ke ce mai saye. Ta ce kyautar me, ba idanunka da ƙashin bayanka ka bayar ba? Kuma ma wai wa yake shan rabon naka, ba Crispulo da mai aski da duk wani ɗan zaman banza da ya biyo ta ƙofar gidan nan ba? Da ka sayar da rabin abin da kake rabawa da tuni mun yi rufin kwano sabo. Shi kuwa sai ya ce lofe na tsofaffin mata ne da masu kora jakai, warinsa ma sauro kaɗai yake burgewa. Ita kuma ta cika baki da hayaki ta busa masa a fuska, ta ce to ga shi, babban sauro. Mu muna zaune a ƙasa muna ɓarar wake muna ƙyalƙyala dariya, har ranar da ka tsinci guntun da Baba ya yar ka je bayan akurki ka gwada, ka dawo kana amai, Inna ta ce ai ga tsadar sigaro nan ta fito fili. Ina kewar waɗannan yammacin, Fermin, kewa mai tsanani. Yanzu in na zauna a barandar sai in ji ta yi mini faɗi.

Da na gama karanta masa wasiƙarka, ya karɓi lofen ya jujjuya shi a hannu, ya ce itacen mai kyau ne, yaron ya kashe kuɗi. Ni na ɗauka zai jefa shi ƙarƙashin gado, sai ga shi washegari ya ce wa Baudilio kada ya sake sayo masa komai, ya fara shan lofen. Amma ba a baranda ba. Can bayan kicin yake jan ɗan benci, kusa da kaji, inda mai wucewa ba zai hango shi ba. Kuɗi kam sun ragu kamar yadda ka ce, har na gyara indararon da ke yoyo. Sai dai tun daga ranar bai sake taka ƙafa zuwa teburin wasan domino na ƙofar gidan amininsa Don Crispulo ba, wurin da ka san ko zazzaɓi ba ya hana shi zuwa. Da na matsa masa da tambaya sai ya ce mini, in je da me, Lala? Wai duk rayuwarsa bai taɓa zama a teburin nan da aljihu wayam ba, kafin a zuba domino kowa ya miƙo hannu ya karɓi nasa. Ya ce lofe baki ɗaya ya sani, ba a ciro shi a miƙa wa baƙo, shi ya sa yake da araha. Masu leƙowa gidan ma sun ragu, don da ya ji sallama sai ya ce in ce yana barci. Abinci sai na yi da gaske yake ci, na ga har ya huda sabon rami a bel ɗin wandonsa.

Da Don Crispulo ya ga shiru ta yi yawa, sai ya aiko cewa zai zo da kansa ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, wai in aminin nasa ya mutu ne a gaya masa ya sayi baƙar riga. Ranar Asabar da safe Baba ya ce in sauko masa da allonsa da wuƙarsa mai lanƙwasa, ya aiki Baudilio wajen wani manomi ya roƙo masa ganyen taba. Yini guda ya yi a kan abin da a da yake gamawa kafin kofi ya huce. Ka san hannun Baba, yadda yake zare jijiyar ganye ba tare da ya duba ba, yana hira yana naɗi. Yanzu yatsun sun kanannaɗe, babban yatsa ba ya haɗuwa da na kusa da shi. Ganyen da ake rufe sigaron da shi ya yage masa, ya sake wani, shi ma ya yage, gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan allo. Na ce bari in riƙe masa gefe, ya daka mini tsawa wai in je in duba wakena kada ya ƙone. Da la'asar ya samu guda ɗaya, karkatacce, da ƙulli a tsakiya. Ko ni da ban iya ba na ga ya matse shi da yawa.

Jiya Don Crispulo ya zo da hularsa ta zuwa coci, tun daga ƙofa yana ɗaga murya, wai Tasio, an ce ka koma tsohuwa kana shan lofe a bayan kicin, ina ɗankwalin naka? Baba ya ce shigo, tsohon ɓarawon domino, ka zo ne ka cinye mana shinkafa. Suka zauna a baranda. Kafin in kawo kofi, Baba ya sa hannu a aljihun riga ya ciro abin nan ya miƙa masa. Don Crispulo ya dube shi sau ɗaya, ya cije kan, ya ƙyasta ashana. Fermin, hayaki ya ƙi fitowa. Tsohon nan ya yi ta zuƙa har kumatunsa suka lotsa, idanunsa suka kawo ruwa, ya kusa ƙarar da kwalin ashana. Duk da haka yana cewa kai, rabonsa da ya sha irin wannan tun da Tasio ya bar kamfani, yaran yanzu ai dusa suke naɗa wa mutane. Baba ya ƙyale shi ya gama, sannan ya ce, Crispulo, tun muna yara ba ka iya ƙarya ba, kada ka fara koyo da furfura. Suka yi dariya su biyu. Amma Don Crispulo bai ajiye sigaron ba, haka ya yi ta fama da shi har wuta ta kusa taɓa yatsunsa. Ni kam na shige kicin na yi kukana a gaban tukunya.

Da ya tafi, Baba ya ce in ɗauke allon da wuƙar in kai inda ba zai sake ganinsu ba. Na hau kujera zan ɗora su a kan kabad ɗin ɗakinsa, sai hannuna ya taɓa wani ɗan akwatin katako. Na buɗe, na ga sigaro guda a naɗe cikin farin hankici, da ɗanyen ɓawon lemo a gefensa don kada ya bushe. Sumul yake, miƙaƙƙe, yana sheƙi, naɗin Baba na da can da duk garin nan ya sani. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fito da shi na ce, Baba, kana da wannan ka yini kana azabtar da kanka, ka bari amininka ya kusa shiɗewa a gabanka? Ya ce mayar da shi, 'yar nan, kina sa iska tana shigarsa. Wai shi ne na ƙarshe da ya naɗa ranar da zai bar kamfani, lokacin yatsun suna ɗan jin maganarsa, kuma na Fermin ne. Ya ce ka bar gida kana yaron da ba zai sha taba a gaban ubansa ba, da ka dawo kuma jana'izar Inna ce ta kawo ka, ba lokacin irin wannan ba ne. Duk Tamboril, daga Fada na coci har mai gyaran keke, babu wanda bai karɓi sigaro daga hannunsa ba, sai ɗan cikinsa. Na ce to a ba matar nan ta kai maka in za ta koma. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce ba a aika irin wannan, hannu da hannu ake bayarwa, kuma yana so ya zauna ya ga yadda tokar za ta tsaya. Daga nan ya ce kada in kuskura in gaya maka, yaron yana da hidima a kansa.

Ga shi na gaya maka, in ya so ya yi fushi da ni. Na san tikiti da tsada, na san sanyi da hayar gida da kuɗin makarantar yara, ban raina wahalarka ba ko kaɗan. Na kuma san ba ka shan taba, Migdalia ma ba za ta so warin ba, to ka zuƙa kaɗan ka yi tari, shi bai damu ba. Ka riƙe kuɗin da za ka turo mana na Kirsimeti da na watan da ke biye, ni da Baudilio mun yi magana, za mu lallaɓa. In ba zai yiwu ku zo duka ba, ka zo kai kaɗai, ko na 'yan kwanaki ne. Ganye ba ya ajiyuwa har abada, Fermin. Yanzu na gane abin da yake kai shi hawa kujera da waɗannan ƙafafun nasa, yana canja ɓawon lemo, yana shafa sigaron da yatsa ya ji ko ƙwaro ya huda, tun da idon ba ya gani. Ina jin tsoro, kuma ba ƙwaron kaɗai nake tsoro ba.

Ka gaishe mini da Migdalia da kyau, ka ce na gode da zaɓen takalmi, na san ba idonka ba ne. Ka shafa mini kan Nereida da Wilfrido, ka ce su riƙa rubuto wa goggonsu ko layi biyu ne. Baudilio yana gaishe ka, Goggo Sinforosa tana sa maka albarka, Don Crispulo ma ya ce in na rubuta in ce yana gaida ɗan tasi. Na tambayi Baba ko yana da saƙo, ya ce in gaishe ka, in gaya maka lofe yana ja da kyau, ya gode. Abin da ya ce in rubuta ke nan, sauran duk ni na ƙara.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Eulalia