Ƙaramin Zauren Baba

Birnin Gwari

Zuwa ga Yaya Jamilatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya Zariya? Mu nan sai godiya. Inna ciwon ƙafar ne dai, amma tana cin abinci.

Kin tambayi abin da nake yi tunda muka baro ƙauye. Gini nake yi, kada ki yi dariya, ginin da zai zauna a tafin hannu. Ina kwaɓa jar ƙasa yadda marigayi Baba ya koya mini, in yi tubali kamar ƙwayar gyaɗa, in tayar da tsohon masallaci ko ƙofar gari, in shanya a rana. Wata Madam Patience daga Kaduna ke saye, wai tara su take yi a kabad na gilashi. Ni dai ba na tambaya.

Na yi zauren da Baba ya gina ma, har da zankwaye da zanen bakin ƙofa. Madam ta gani ta nace, na hana. Inna ta ajiye shi gefen katifarta, kullum tana zancen wanda zai yi wa na gasken yaɓe kafin ruwa ya sauka. Damina biyu ke nan babu wanda ya taka can. Kin san yadda hanyar bayan Dogon Dawa take.

Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Ɗalha

Yaya Jamilatu,

Sallama da fatan alheri. Allah ya sa kuna lafiya.

Mamuda maƙwabcinmu na ƙauye ya saci jiki ya je duba gonarsa. Ya dawo ya ce zauren ya zube. Ba 'yan bindiga ba ne, ko taɓa shi ba su yi ba. Rashin yaɓe ne kawai, ruwa ya shiga rufin. Ina cikin cin tuwo ya faɗa mini, kuma wallahi na cinye.

Da Madam ta ji labari ta bugo waya, ta ce yanzu ƙaramin da na yi kaɗai ya rage, in ba ta shi ta adana. Na ga gaskiyarta, don ba zan iya sake yin sa ba, zanen ya fara ɓace mini. Na ce sai na tambayi Inna.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce muddin yana gefenta zuciyarta ba za ta daina ɗaure kayan komawa ba, kuma ta gaji. Da la'asar hadari ya taso. Ta ɗauke shi da hannu biyu, ta ja ƙafa har tsakar gida, ta ajiye ƙarƙashin indararo, ta koma ɗaki.

Ina tsaye a bakin ƙofa, Yaya, ga shi nan kusa da ni. Zankwayen suka fara narkewa, sai rufin. Ban motsa ba. Har yanzu jira nake in ji wani abu a raina, shiru.

Da safe ta ce in share wurin kada yaran masu gida su zame. Na share.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Ɗalha