Shekara Ashirin da Bakwai Ba Ta Taɓa Rikita Iri Ba

Hajiya Amatullahi, don Allah ki taimake ni, na yi ɓarna da bakina kuma na rasa ta inda zan gyara.

Ni manomi ne a Maska. Shekararmu ashirin da bakwai da mai ɗakina, kuma tun zuwanta ita ke riƙe mana irin shuka. Da kaka takan zaɓi masara mai ƙoshi, ta ɗaure ta rataye a madafa, inda hayaƙi ke korar ƙwari. Ba ta sa alama, a kanta take ajiye komai: wannan 'yar kwana casa'in ce ta gonar tudu, waccan mai daɗewa ce ta fadama. Ni wallahi ko za a yanka ni ba zan bambance su ba.

To tun bara al'adarta ta fara wasa, ta zo yau, sai wata uku shiru. Zafi ya taso mata, ta jiƙe sharkaf da gumi, barci ba ya isarta. Sai ga mantuwa. Ta shiga ɗaki ta tsaya, ta rasa abin da ya kawo ta. Rannan sunan jikarmu ya kufce mata, muka yi ta dariya har da ita. Bana kuwa ta ba ni mai daɗewa na shuka a tudu. Ruwa ya ɗauke da wuri, masara ta bushe da goyo ba ƙwaya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ƙanena Bature, da ya ɗan taɓa boko, ya ce ai halittar mata ce haka, sinadaran jikinsu da ƙwayoyin gadonsu ba sa barin ƙwaƙwalwarsu ta kai ta maza. Ni kuma, kaicona, na kwaso maganar na juye mata a gaban matar ɗanmu. Ga kaka ta zo, ta ce in zaɓi irina da kaina, ita kanta ya lalace. Matar da ke tsokanata tun safe, yanzu sai gaisuwa kawai. Shekaranjiya na tarar da ita tana kuka, wai tsoro take ji kada ya zama gigin tsufa ne irin na kakarta. Hajiya, ina son matar nan, asarar masara ba ta dame ni kamar shirunta ba. Gaskiya Bature ya faɗa? Za ta dawo daidai kuwa?

Mai Nadama, daga Maska

Malam, sannu da asarar gona. Ba ƙarama ba ce, kuma ba wanda zai ga laifinka don ranka ya ɓaci. Amma Bature rabi ya ji, ya cika sauran da son ransa.

Gaskiya ne akwai sinadari a jikin mace, istirojin, da ke da hannu a aikin ƙwaƙwalwa. In al'ada ta zo ɗaukewa yakan yi ta hawa da sauka kafin ya ragu, shi ya sa mata da yawa ke fama da mantuwa a wannan tsakanin, ƙarancin barci kuma ya ƙara dagula abin. Ga mafi yawansu yakan yi sauƙi in jiki ya daidaita, kuma ba shi ne gigin tsufa ba. Ƙwayoyin gado kuwa, e, na mace da na namiji sun ɗan bambanta, masana na nan suna binciken tasirinsu, amma ba su gano wani jinsi ya fi wani basira ba.

Ka kai ta asibiti a Funtuwa, a duba ƙarancin jini, hawan jini, suga da maƙoƙo, domin su ma suna kawo mantuwa. Da kanka za ka raka ta, ban ce ka aika ta ba.

Sannan kai ma da naka sakacin. Gonar taka ce, amma ka bar irinta a kan mutum ɗaya, ba ka taɓa zama ka koya ba. Bana ku zauna tare, ita ta zaɓa, kai ka ɗaura jan tsumma a na tudu, fari a na fadama.

Kafin duk wannan, ka ba ta haƙuri. Ba a ɗaki a ɓoye ba, a gaban matar ɗan naku, ka ce kai ne ka yi kuskure. Mantuwar nan za ta wuce in Allah ya so, amma maganarka ba za ta manta da ita ba sai ka janye ta. Allah ya ba ta lafiya, ya bar ku tare.