Kwana Ashirin da Uku Ba Mu Ji Daga Jirginku Ba

Tanout, Jihar Damagaram,
11 ga watan Fabrairu.

Zuwa ga ƙanena Sahabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa daga yayarka Husaina, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na cikin jirgi. Allah Ya tsare ku daga sharrin ruwa da na sanyin ƙasar nan da kuke zagayawa, Ya sa albarka a guminka, Ya maido mana da kai lafiya. Mu nan duk muna lafiya, sai godiya. Gwiwar Inna tana nan yadda ka san ta, wata rana ta bar ta ta je har bakin rijiya, wata rana ta zaunar da ita. Matarka Radiya ta shiga wata na takwas, ungozomar likitar Gangara ta duba ta ta ce komai daidai yake. Ƴarka Mu'minat ta fara cire haƙora, tana yi wa kowa dariya da giɓi. Geron bana ya yi kyau a gonar gabas, ta yamma ce ta ba mu kunya. Ni kuma ina nan ina fama da yara sittin da huɗu a aji ɗaya a lakwal, makarantar bokon da nake koyarwa.

Da hannu na rubuta wannan, zan ɗauki hotonta in aika ta wayar abokin aikinka da ka kira mu da ita, domin maganar ta fi ƙarfin saƙon murya. Ranar da ka kira ka ji Inna tana dariya tana kuka, ka tambayi abin da ya faru, muka ce murna ce. Ba ƙarya muka yi maka ba, amma akwai abin da muka ɓoye. Ita Inna ce ta hana a faɗa maka, ta ce mutumin da yake yini tsakanin wuƙa da wuta ba a tayar masa da hankali. Yanzu kuma ita ce ta ce in rubuta maka komai, kada in rage.

Ka san tun da ka bar otal ɗin Kwatano ka kama aikin kuku a jirgin ruwan nan, Inna ba ta taɓa gane irin jirgin ba. Na sha yi mata bayani. Na ce ƙarami ne a cikin jirage, baƙi ɗari kawai yake ɗauka, masu hali, kowa da ɗakinsa da gadonsa da tagarsa mai kallon ruwa, kuma ma'aikatan da ke yi musu hidima sun kusa kai yawansu. Na ce kuna bin gaɓar teku a can ƙarshen Amurka ta Kudu, inda babu gari babu hanya, sai duwatsu da ƙanƙara. Ta tambaye ni me baƙin suke zuwa saye ko sayarwa a can. Da na ce kallo kawai suke zuwa yi, sai ta ce idan wurin da babu kowa suke nema, ka kawo su arewacin Tanout, za su ƙoshi. Duk hoton da ka aiko sai ta sa an nuna mata sau uku. Tsuntsayen nan masu tafiya a tsaye kamar dattawa sun fi ba ta dariya, da kifin da ka ce ya fi babbar mota, mai feso ruwa sama. Har maƙwabta take kira su zo su ga teburin cin abincinku mai farin zane da cokula jere.

Hoto ɗaya ne ya ɓata mata rai, ni kuma ban lura da wuri ba: wanda kake zaune cikin ƙaramin kwalekwalen roba da kuke kai baƙi bakin gaɓa da shi, kana sanye da jar riga mai kumburi. Ta daɗe tana kallonsa. Ashe ita abin da ta sani game da kwalekwalen roba shi ne wanda ake loda yaran ƙasarmu ta Damargu a ciki daga Libiya zuwa Turai. Tun ranar, a zuciyarta, kai da su hanya ɗaya kuke.

Sai kuma ka yi shiru. Juma'a ta farko ta wuce ba ka kira ba, muka ce aiki ne. Ta biyu ta wuce, na ce ko babu rezo, waya ba ta kamawa a cikin lungunan duwatsun nan. Bayan ta uku, ranar kasuwar Gangara, Barmo direba, wanda ke bin hanyar Agadas, ya sauka da labarin cewa wani kwalekwale ya kife a tekun Libiya da ƴan ƙasarmu a ciki, kuma cikin sunayen da ake faɗa akwai wani Sahabi na ƙasar Tanout. Bai ce kai ne ba, daga baya har rantsuwa ya yi. Amma kafin maganar ta tashi daga rumfar mahauta ta kai bakin rijiya, ta zama Sahabin gidanmu. Da la'asar mata suka fara shigowa gida da salati. Radiya ce ta kira ni, ta ce in zo.

Da na iso gida Gangara washegari na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Baffa Tanko yana zaune yana amsa gaisuwa. Kada ka riƙe shi a zuciya, Sahabi. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, kuma ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Na durƙusa na zana masa a ƙasa yadda nake yi wa yara a aji: ga Libiya nan, ga inda jirginku yake can, tsakaninsu kusan rabin duniya. Ya ce shi bai san taswira ba, abin da ya sani shi ne ɗan da ba ya fashin kiran uwarsa ranar Juma'a ya yi fashi uku, ga kuma suna ya zo daidai. Ya ce haƙƙin mamaci ne a yi masa sadaka, kuma ya kamata Radiya ta shiga takaba.

A nan ne na ƙara sanin matar da ka aura. Tsofaffi biyu suka shiga ɗakinta don su cire mata ƴan kunne da warwaro. Ta tashi da cikinta ta tsaya jikin bango, ta rufe kunnuwanta da hannu biyu, ta ce: "Ku kawo mini wanda ya gani da idonsa. Kafin nan ni matar mai rai ce." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi wa kowa rashin kunya ba, amma babu wadda ta sake matsawa kusa da ita. Inna kuwa ba ta yi kuka ba, kuma hakan ne ya fi tsorata ni. Ta zauna gindin rumbu da carbinta, ruwa kawai take kurɓa. Na roƙi Baffa ya ba ni kwana uku kafin a yi komai, ya ba ni.

Radiya ce ta tuna da takardun da ka bari a ƙasan akwatinka. A ciki muka samu kwafin takardar ɗaukarka aiki, da adireshin imel na kamfanin. Na koma Tanout na same Mushe Haris, diraktan lakwal ɗinmu, ya ba ni kwamfutarsa, muka rubuta da Faransanci. Sau biyu wuta tana ɗaukewa muna tsakiyar rubutu. Ranar farko babu amsa, na shiga aji na yi darasi ban san abin da na koyar ba. Rana ta biyu da hantsi wata mata ta amsa daga ofishinsu, ta ce jirgin lafiya yake da duk mutanensa, kuma ta miƙa saƙona ga kumandan, wato shugaban jirgin. Kafin azahar hoto ya shigo: kai ne da farar hularka ta kuku, kana riƙe da takarda mai kwanan watan ranar, bayanka dutsen ƙanƙara. A ƙasa kumandan ya rubuta cewa wayarka ce ta faɗa ruwa lokacin da kake miƙa tukunyar shayin baƙi daga kwalekwale zuwa gaɓa, kuma lambar da ka haddace ɗaya ce tak, kana ta kira ba ta shiga.

Ƙanena, lambar Baba ce ka haddace, layin da aka rufe shekara biyar da suka wuce. Na yi dariya har Mushe Haris ya zaci na zautu, sannan na yi kuka. Ga tawa da ta Radiya na rubuta a bayan takardar nan da manyan baƙi. Ka haddace su kamar karatun allo, kuma idan ka dawo zan yi maka tambaya a gaban jama'a.

Ban jira mota ba, kabu-kabu na hau har Gangara. Na miƙa wa Inna wayata da hotonka a ciki. Ta ce in buɗe mata fuskar ta ƙara girma, ta nemi tabon haɓarka na faɗuwa daga jaki, ta sa yatsa a kai. Sai ta ce ka rame, ta kuma ce a dama mata fura. Baffa da kansa ya naɗe tabarmin ƙofar gida. Geron da aka riga aka surfa don sadakarka shi aka dama aka raba wa unguwa don godiya ga Allah, Radiya kuma ta sa lalle. Kwana biyu bayan haka ka kira lambata da na aika wa kumandan.

Da a nan labarin ya ƙare, da na bari sai ka dawo mu yi dariyarsa tare. Amma bayan mako guda Barmo ya zo ba da haƙuri, ya kuma zo da abin da ya binciko. Labarin kwalekwalen gaskiya ne, kuma Sahabin da aka faɗa yana da uwa. Ɗan Falanko ne, shekararsa ashirin da huɗu, ya tafi bayan girbin bara. Sunan uwarsa Fatu, mai sayar da ƙuliƙuli, shi kaɗai ne namiji a ƴaƴanta. Inna tana ji ta ce za ta je gaisuwa. Muka kawo mata maganar gwiwa da nisan hanya, muka ce ba mu san su ba. Ta ce ita ta san ta, tunda ta yi kwana huɗu a zaune a wurin da matar nan za ta zauna har ƙarshen rayuwarta. Muka fara shirin tafiya.

Ranar kasuwar Falanko muka bi motar ƴan kasuwa, ni da ita. Muka tarar da Fatu a ƙaramin gida mai dangar kara, siririyar mace, ba ta kai Inna shekaru ba. Ashe labarinmu ya riga mu zuwa. Da na faɗi ko mu su wane ne, sai ta kama hannun Inna ta zaunar da ita a tabarmarta, ta ce ta gode wa Allah da Ya bar wa ɗaya daga cikinsu nata. Sun daɗe a zaune hannu cikin hannu. Fatu ta ba mu labarin ɗanta: yadda yake son raƙuma, yadda ya yi mata alkawarin rufin kwano, da kiran ƙarshe da ya yi mata ya ce gobe za su shiga ruwa, ta yi masa addu'a.

Da muka tashi tafiya sai ta tambaye ni ko gaskiya ne ina da hoton teku a wayata. Ta ce ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce tabkin damina ba, kuma tana so ta san irin wurin da ɗanta yake kwance. Na rasa yadda zan yi. Na zaɓi wanda ka ɗauka da safe, ruwan a kwance lumui, rana tana haskawa a kansa. Ta riƙe wayar da hannu biyu ta daɗe tana kallo. Ta tambaya ko nan ne wurin. Na gaya mata gaskiya, na ce a'a, nasa tekun daban ne, yana da nisa ƙwarai daga wannan, amma tekunan duniya babu katanga tsakaninsu, duk a haɗe suke. Sai ta juya wajen Inna ta ce: "Yaya, ba ni da kabarin da zan aika a tsaya a kai. Ki ce wa naki, tunda yana bisa ruwan, ya tsaya ya yi wa takwaransa addu'a."

Wannan shi ne dalilin takardar nan. Inna ba ta ce ka bar aikinka ba. Yanzu ta yarda jirginku daban ne, har tana gyara wa mutane idan sun yi kuskure. Abin da take so shi ne, ranar da ka samu sarari, ka yi alwala ka fita bakin jirgi, ka karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, ka roƙa wa Sahabi ɗan Fatu na Falanko gafara, shi da waɗanda suka tafi tare. Idan ka yi, ka ɗauki saƙon murya ka ce ka yi, ka ambaci sunanta. Inna ta ce ba za a aika da shi ba, ita za ta sake hawa mota ta kai mata ta ji da kunnenta.

Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarka, ta ce ka riƙa cin abincin da kake dafa wa mutane. Baffa Tanko yana gaishe ka, kunya ta hana shi karɓar waya ranar, ka neme shi da kanka. Radiya ta ce nata saƙon ba ta hannuna zai bi ba. Mu'minat tana gaida babanta. Maigidana Malam Ila, da abokanka Jika da Safiyanu, da duk mutanen unguwa suna gaisuwa. Ka gaida abokin aikinka mai waya, ka yi wa kumandanku godiya a madadin gidanmu.

Allah Ya kai ku gaɓa lafiya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Muna jiran muryarka, mu da Fatu.

Yayarka mai ƙaunarka,
Husaina.